Yadda Ake Neman Arziki da Santi Goma: Jagora ga Mai Sayar da Hoto ta Hannun Dillalan Intanet

Dillancin hoto sana'a ce da wasu kamfanoni ke gudanarwa ta hanyar tara hotunan da dubban mutane suka ɗauka a cikin rumbu guda a intanet, inda masu buga mujallu da masu shirya talla da mawallafan littattafan makaranta ke zuwa su biya kuɗi domin samun lasisi, wato izinin amfani da hoto ba tare da an mallaka musu shi ba. Manyan gidajen wannan sana'a sun haɗa da Getty Images, wanda Mark Getty da Jonathan Klein suka kafa a 1995, da Shutterstock, wanda Jon Oringer ya buɗe a birnin New York a 2003 da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa, da Adobe Stock, da kuma Alamy na ƙasar Ingila. Tun da yake Oringer ya zama biloniya ta wannan hanya, babu mai musun cewa akwai arziki a harkar, kuma abin da wannan jagora zai bayyana shi ne yadda mai hoto zai zauna kusa da arzikin nan cikin natsuwa, yana kallonsa, ba tare da hawan jini ya kama shi ba.

Abu na farko da ya wajaba a kan mai shiga wannan fage shi ne ya manta da duk abin da ya sani game da dillanci. A karar shanu mai saniya ne ke karɓar kuɗin dabbarsa, dillali kuma ya samu 'yar la'adarsa ya yi godiya, amma a kasuwar hoto an juya tsarin, ta yadda dillali ke riƙe kuɗin saniyar, ya miƙa wa mai ita la'ada, kuma shi ne ke yanke yawanta, ya rage ta ranar da ya ga dama. iStock, wanda reshen Getty ne, yana ba da kashi 15 cikin ɗari ga mai hoton da bai yi alƙawarin keɓewa ba, wato alƙawarin cewa ba zai kai kayansa wani gida ba. Adobe Stock yana ba da kashi 33. Alamy, wanda aka daɗe ana yaba masa saboda raba kuɗi biyu daidai, ya fito da sabon tsari a 2021 da ya ajiye yawancin masu hoto a kan kashi 40, ya kuma sauko da wanda cinikinsa bai kai dala 250 a shekara ba zuwa kashi 20, wataƙila domin ƙara masa himma.

Ya kamata ɗalibin wannan fanni ya san tarihin yadda farashi ya gangaro, domin ya san wanda zai ɗora wa laifi. Kafin shekara ta 2000 hoto ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli, saboda ana yanka masa kuɗi gwargwadon inda za a buga shi da tsawon lokacin da za a yi amfani da shi. A shekarar 2000 ce Bruce Livingstone ya kafa iStockphoto, wato iStock na yau, a birnin Calgary na Kanada, inda duk mai kyamara zai iya kawo hoto a sayar da shi a kan kuɗi ƙalilan, kuma da ƙwararru suka yi kukan cewa 'yan koyo sun karya kasuwa, sai Getty ya ji kukansu ya sayi kamfanin a 2006 a kan dala miliyan 50, ya ci gaba da karya ta daga cikin gida. Shutterstock kuma ya yi suna da tsarin biyan wata-wata, wanda a cikinsa mai saye ke biyan kuɗi dunƙule ya riƙa sauke ɗaruruwan hotuna, mai hoto kuma ya samu tsakanin santi 25 da 38 a kan kowane ɗaya. Masu hoto sun shafe shekaru suna raina wannan kuɗi, sai a watan Yunin 2020, lokacin da annobar korona ta rufe bukukuwa da tarurrukan da suke ci da su, kamfanin ya nuna musu darajarsa ta hanyar maye gurbinsa da tsarin matakai shida, daga kashi 15 zuwa kashi 40, wanda mafi ƙanƙantar ladansa santi 10 ne. Ana kaiwa matakin ƙarshe ne idan an sauke wa mutum hotuna fiye da 25,000 a cikin shekara guda, kuma domin kada girman kai ya shiga zuciyar kowa, ranar 1 ga watan Janairun kowace shekara ana dawo da kowa matakin farko, da wanda ya shekara goma sha biyar a gidan da wanda ya shigo jiya. Da yawa daga cikin masu hoto sun ɓoye kayansu daga rumbun domin nuna fushi, rumbun kuma, wanda ke ƙunshe da ɗaruruwan miliyoyin hotuna, bai nuna alamar ya lura ba.

Daga nan sai lissafi, wanda ake so a yi shi da safe bayan an karya kumallo. Kamfanonin ba sa aika kuɗi sai ya taru ya kai wani haddi, wanda a Adobe Stock dala 25 ne, a iStock kuma dala 100. Idan aka ɗauki dala 25 a matsayin ma'auni, mai samun santi 10 yana buƙatar ciniki 250 kafin ya ga launin kuɗinsa, wanda kuma ya sayi kyamarar dala 1,000 zai mayar da uwar kuɗinsa bayan ciniki 10,000, in har kyamarar ta kai wannan lokaci da ranta. Mai hoton da ke zaune a Najeriya ko Nijar yana da ƙarin darasi, domin zai cike takardar haraji ta Amurka mai suna W-8BEN, kuma tun da ƙasashen biyu ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, za a cire kashi 30 daga duk abin da ya samu daga masu saye na can, ta yadda santi gomansa zai koma bakwai, ya kuma samu alfaharin tallafa wa baitulmalin ƙasar da ta fi kowace arziki a duniya.

Game da abin da za a ɗauka, kuskure ne babba mutum ya ɗauki abin da ya burge shi. Faɗuwar rana da furanni da kyanwar gida sun cika rumbunan har sun yi ambaliya. Abin da kasuwa ke nema shi ne duniyar da babu ita, inda ma'aikata ke tafa wa juna a wurin taro, likita ke murmushi ga takardar gwaji, mace kuma ke zaune ita kaɗai tana ƙyalƙyala dariya a kan kwanon ganyen salak. Wajibi ne a bar fili a gefen hoton domin rubutun talla, a kuma tabbatar da cewa babu abin da zai nuna gari ko shekara ko ra'ayi. Wanda zai tsaya gaban kyamara kuma ya kamata a ba shi labarin András Arató, injiniyan lantarki ɗan ƙasar Hungari, wanda ya yarda aka ɗauke shi irin waɗannan hotuna yana murmushi, daga baya duniya ta gano wani ciwo ɓoye a cikin murmushin, ta mayar da fuskarsa abin barkwanci a kowane lungu na intanet.

Bayan an ɗora hoto sai a jira mai tantancewa, wato mutum ko manhajar da ke yanke hukuncin karɓa ko ƙi, wanda ba a ganinsa, ba a kuma yi masa musu. Dalilansa sanannu ne: hoton bai fito tar ba, ko akwai ƙura-ƙurar da ƙarancin haske ke haifarwa, ko ya yi kama da wani da aka riga aka karɓa, ko an hango tambarin wani kamfani a jikin takalmin mai wucewa. Masana harkar sun daɗe da lura cewa hoton da aka ƙi yau kan samu shiga idan aka sake turo shi bayan mako guda ba tare da an taɓa komai ba, saboda haka haƙuri ya fi gyara sauƙi. Kowane hoto kuma yana buƙatar kalmomin nema, wato kalmomin da mai saye zai rubuta hoton ya fito masa, har kusan hamsin, kuma a nan ne mai hoto zai gane cewa dare ɗaya na ɗauka yana jawo darare uku na rubutu, har ya kai ga laƙaba wa hoton tumatir kalmomin nasara da shugabanci da haɗin kai.

Akwai kuma takardar yarda, wadda duk mutumin da ake iya gane fuskarsa zai sa wa hannu kafin a sayar da hoton domin talla, tare da 'yar'uwarta ta mai gini ko mai zane. Hoton da ba shi da ita ana karɓarsa ne a rukunin labarai kawai, wato na jarida da littafi. Wannan ne ya sa wanda ya ɗauki hawan salla a Kano ko wasan su na Argungu yake da zaɓi biyu, ko dai ya haƙura da rukunin labarai, ko ya bi mahaya da masunta ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu. Ko Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris ana sayar da hotonta na rana lami lafiya, amma na dare sai da izini, domin fitilun da aka ƙawata ta da su suna da masu haƙƙi.

Inda hoto zai ƙare kuwa ba hurumin mai shi ba ne. Lasisin da ya fi yawa a yau na biya sau ɗaya ne, wanda ke ba mai saye damar amfani da hoton sau da yawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ba a faɗa wa mai hoto sunan mai sayen, sai dai wata rana ya ci karo da aikinsa a bangon littafi ko a tallar maganin basir, ya tuna da santi gomansa. Wanda ke tunanin kyautar da hotunansa domin ya huta, ya dubi Carol Highsmith ta Amurka, wadda ta ba Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar dubban hotuna kyauta domin amfanin jama'a, sai ga wasiƙa daga wani kamfanin bin haƙƙi tana neman ta biya dala 120 saboda ta sa hotonta a shafinta. Ta kai ƙarar Getty da Alamy a 2016 tana neman dala biliyan ɗaya, kotu kuma ta yi watsi da manyan buƙatunta, tun da ita da kanta ta saki hotunan. Mai son labari mai daɗi sai ya riƙe na Daniel Morel na ƙasar Haiti, wanda a 2013 kotu ta ba shi dala miliyan 1.2 a kan kamfanin dillancin labarai na AFP da Getty saboda hotunansa na girgizar ƙasar 2010 da aka kwasa daga Twitter, tare da lura cewa sai da ya yi shekara uku yana shari'a.

Sabon babin wannan ilimi shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake koya wa ƙirƙiro sabon hoto ta hanyar nuna musu miliyoyin tsofaffi. Shutterstock ya sanar da haɗin gwiwa da kamfanin ƙirƙirarriyar basira na OpenAI a 2022, ya kuma buɗe asusun da ake yaga wa masu hoto wani abu daga cikinsa, Adobe ya horar da manhajarsa Firefly da hotunan rumbunsa, Getty kuma ya kai ƙarar wani kamfanin irin wannan, Stability AI, a 2023 bisa zargin kwafar hotuna miliyan 12, sannan a cikin shekarar ya fito da tasa manhajar. Mai hoto ya ɗauki kansa a matsayin malamin da aka biya ladan darasi sau ɗaya, ɗalibin kuma aka ba shi rumfa a gabansa, domin Adobe Stock yana karɓar hotunan da manhaja ta ƙirƙira yana jera su tare da na kyamara.

Idan abin ya ishi mutum, yana da cikakken 'yancin kwashe kayansa ya koma wani gida, sai dai ya fara bincika sunan mai gidan. Getty ne ke da iStock, shi ne kuma ya sayi Unsplash, inda ake raba hotuna kyauta, a 2021; Shutterstock ne ke da Bigstock da Pond5; a watan Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa su zama kamfani ɗaya mai darajar kusan dala biliyan 3.7. Wanda ya rufe asusunsa ya kuma sani cewa duk lasisin da aka riga aka sayar yana nan daram, saboda haka hotunansa za su ci gaba da aiki a allunan talla bayan shi ya yi murabus.