Jinjina Ga Gwanin Da Sitiyarinsa Ke Rawa

Ƙasar nan ba ta san darajar gwanayenta ba. Kowace shekara ana raba lambobin yabo ga 'yan ƙwallo da 'yan fim da 'yan siyasa, amma har yau ban ji an kira direban haya ko ɗaya an rataya masa komai a wuya ba. Alhali a cikinsu akwai mutumin da ke kwasar rayuka goma a motar da kamfani ya yi wa kujera bakwai, ya kai su Kaduna daga Kano, tafiyar fiye da kilomita 200, da sitiyarin da sai an murza shi kusan taƙi guda kafin tayoyin gaba su sami labarin cewa da su ake. Wannan bawan Allah nake son jinjina wa yau, shi da bakaniken da ke rufa masa asiri.

Tuƙa sabuwar mota ai ba gwaninta ba ce. Ka karkata hagu ta bi hagu, ko yaro ya iya. Gwaninta tana wurin wanda ke tafe a miƙaƙƙen titi amma hannuwansa ba hutu, yana kaɗa sitiyari dama da hagu kamar mai tankaɗen gari, shi kaɗai ya san inda wasan ya ƙare, inda ƙarfe ya fara kama ƙarfe. Shekaru ya kwashe yana haɗa wannan ilimi, domin wasan ba rana ɗaya ya zo ba. Kullum yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, hannu na sabawa, har ta kai in ka ce masa akwai matsala sai ya rantse maka motar lafiya lau take. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya dai manta yadda lafiyayyen sitiyari yake.

Don mai karatu ya san girman aikin, sai ya san abin da ke tsakanin hannun direba da taya. Daga sitiyari sanda ce ta gangara ƙasa. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru, akwai wani faifan roba mai kauri da ke haɗa sandar da abin da ke ƙasa, an ɗaure shi da kusoshi huɗu, biyu na riƙe da ɓangaren sama, biyu da na ƙasa. Wasu motocin kuros ne na ƙarfe a wurin. Daga nan sai rak, ƙarfen da ke tura tayoyin gaba dama da hagu, daga rak sai tayarod a kowane gefe, kan tayarod kuwa wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne da ke juyawa cikin kwaskonsa, an cika shi da giris an rufe da hular roba. Duk abin da direba ya nufa ta wannan layi yake bi ya isa taya, ba wata hanyar ta biyu. Birki in ya ƙi, akwai giya, akwai birkin hannu. Tayarod in ya fita, taya ta sami 'yancin kanta, ta nufi inda ta ga dama. Gwaninmu ya san duk wannan, ya ma fi ni sani, abin da ya sa jarumtarsa ta fi burge ni ke nan.

Faifan robar nan a ƙarƙashin bonet yake zaune, zafin inji na gasa shi, baƙin mai na ɗiga masa har ya kumbura ya yi laushi, ramukan kusoshin su buɗe. Hular kan tayarod kuma ta tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: giris ya fita, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta ƙara da ruwa, ramukan titi su yi ta dukan abin da ya rage. Rago da ya ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafarsa sai ya ruga gareji. Gwani kuwa ƙara sautin rediyo yake yi.

Akwai wasu masu neman suna da ke cewa wai a riƙa dubawa. Wai a ɗaga gaban mota da jak, a kama taya da hannu biyu ta gefe da gefe a girgiza, in an ji tana ƙwal-ƙwal to kan tayarod ko rak ya ci; a sake kama ta sama da ƙasa don jin bol-joyin da boris. Wai a sa yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari a hankali, wani ya leƙa da tocila ya ga ko sandar sama na motsi ta ƙasa na tsaye, wanda ke nuna faifan ko kuros ɗin ya gama yawo. Aikin duka bai kai tsawon lokacin shan shayi da biredi a tasha ba, amma ina ribarsa? Wanda ya leƙa shi ke gani, wanda ya gani shi ke kashe kuɗi. A Ingila, inda tsoron mutuwa ya yi musu katutu, tun 1960 suka ƙirƙiro gwajin MOT, yau kuma motar da ta cika shekara 3 sai an duba ta kowace shekara. Motar da ke da rak, in wasan sitiyarinta ya wuce milimita 13 sai su fara ɗaga hanci. Milimita 13, ko faɗin babban yatsa bai kai ba! Da za a kawo wannan ma'auni tashoshinmu, da fasinja sun koma hawan jaki.

Sai mu zo ga bakanike, wanda ba a yi masa adalci in an bar shi a baya. Direba zai zo ya ce, “Oga, ɗan lallaɓa mini shi, sai an yi balas.” Bakaniken da bai san ya kamata ba zai ce a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo sabo. Na ƙwarai kuwa ba ya kunyata abokin hulɗa. Zai kwance kan tayarod, ya ɗora kan dutse, ya yi ta dukan kwaskon da guduma har ya matse dunƙulen, ya cusa ledar fiya-wata a inda ya rage, ya shafe da tsohon giris. Notin da ke riƙe da shi yana da 'yar fil da ke hana shi warwarewa. Ta ɓata tun zamanin mai motar na farko, sai a lanƙwasa ƙusa a wurin, in ba ƙusa a bar wa Allah. Inda haƙoran sanda suka cinye a kira mai walda ya ɗiga wuta, duk da cewa wuta na kashe ƙwarin ƙarfen. Faifan roba kuwa a yanko gefen tsohuwar taya a huda ramuka huɗu. Sannan ya goge hannu ya ce, “Zai kai ka, maigida.” Lura da hikimar maganar: bai faɗi ina ba.

In kuwa ta kama dole sai an canza, to ɗan Beljiyam za a nemo, wanda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai, domin da tsohuwar zuma ake magani. Gefe ɗaya za a canza, ɗayan ai bai yi ƙara ba. Zuwa wurin masu alaimen bayan an taɓa tayarod kuwa almubazzaranci ne. Ido ma ma'auni ne. Gaskiya ne cewa taya za ta riƙa cinyewa ta gefe guda, kuma taya ɗaya ta fi kan tayarod tsada, amma kuɗin taya na wata mai zuwa ne, kuɗin tayarod na yau ne. Masana tattalin arziki su zo su ɗauki darasi.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ƙarfin imaninsa. Dattijuwa a kujerar baya za ta ce, “Direba, don Allah a yi a hankali, motar nan tana yawo.” Sai ya amsa cikin ladabi, “Hajiya, kwantar da hankalinki, in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru.” Wa zai ja da wannan? Malamai sun sha karanta mana cewa a ɗaure raƙumi tukuna kafin a yi tawakkali. To ai ya ɗaure, da robar tif, ƙulli uku ma. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin hannunsa ya ratsa wasan sitiyari ya isa inda taya ke ji, an wuce gida biyu. Tafiya a haka, da tirela a gaba da rami a gefe, sai mai cikakken yaƙini. Kuma don karamci bai keɓe ladan ga kansa ba, ya raba wa duk wanda ya biya kuɗin mota, har da jaririn da ke goye, ba tare da ya tambaye su ba.

Ranar da abin ya faru ma ba a barinsa da kunya. Za a ce motar ce ta ƙwace masa. Za a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, za su zo su kwashi wanda za a kwasa, a ja gawar motar gefen titi, wanda ya ga taya ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma zai ɗauka karon ne ya karya tayarod, ba zai kawo cewa tayarod ne ya jawo karon ba. Bayan sadakar uku sai masu sayen ƙarfe su zo, kayan da suka tsira a kai kasuwa, tayarod ɗin ɗaya gefen ya sami sabuwar mota. Ba a asarar komai sai mutane.

Saboda haka, mai karatu, gobe in ka je tasha ka ga direba na fita da mota yana murza sitiyari taya ba ta motsa ba, kada ka yi rashin kunyar tambayar yaushe rabon da a duba ta, balle ka sauka ka nemi wata, a ce ka raina gwani. Ka nemi kujerar gaba, inda za ka fi ganin aikin da kyau, ka kuma tabbata ka rubuta sunanka da lambar wayar ɗan'uwanka a takardar fasinja da rubutu mai kyau wanda za a iya karantawa.