Bazazzagi Zai Sayi Bindiga

Malam Tanimu, bawana na Zazzau, da fatan sanyin Jos bai ƙarasa abin da ya rage na gwiwoyinka ba. Labari ya iso mini daga majalisarku ta Bauchi Road cewa kwana biyun nan ka hana bayin Allah shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wai da an zuba maka sai ka zaro waya, ka gyara tabaran nan naka mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ka miƙe hannu can nesa don rubutu ya fito, ka shiga jero wa mutane sunayen bindigogi. Wai ka gama shawara za ka sayi bindigarka ta farko, ta wasan harbi, irin mai ɗura wa kanta harsashi, har ka rubuta jerin kayan ƙawar da za ka ɗora mata a bayan takardar kuɗin wuta. Da aka faɗa mini ko musu ban yi ba. In ba Bazazzagi ba, wa zai zaɓi sirdi da linzami tun bai tambaya ko an yarda ya hau dokin ba?

Tun da karatun naka a YouTube ka yi shi, bari Bakano ya ƙara maka wani kyauta, abin da ka san ba mu cika yi ba. Baƙar bindigar nan da ta tafi da imaninka, AR-15, wani injiniya mai suna Eugene Stoner ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin ArmaLite na Amurka a shekarun 1950. Kamfanin Colt ya sayi zanen a 1959, daga ita aka samo M16 ta sojojin Amurka, sannan a 1964 aka fara sayar wa farar hula irin tasu. Bambancinsu a kunama yake. Ta soja in ka danne tana iya ci gaba da aman wuta, ta farar hula kuwa ja ɗaya harsashi ɗaya, sai dai ƙarfin harbin da ya fita shi ke tofar da kwanson ya ɗora sabo, ba sai ka sa hannu ba. Akwai kuma 'yar ƙaramar da suke fara koya wa sabon shiga da ita, Ruger 10/22, ita ma 'yar 1964, mai ɗan siririn harsashi da ba ya dukan kafaɗa. Na ji ita ka raina, wai ta yara ce. Kai da ko turmi matarka ta ce ka matsar sai ka kwana ana gasa maka baya.

Mutanen da kake kallo suna sauya mata gindi, suna ɗora madubin hange, suna liƙa tocila da maratayi, a ƙasarsu Amurka suke, inda gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki tun 1791 ya ba su haƙƙin riƙe makami, ga shaguna, ga filayen koyon harbi masu shinge da malamai. Duk da haka su ma rigimar ba ta ƙare ba, domin daga 1994 zuwa 2004 gwamnatin tarayyarsu ta hana ƙera wasu nau'o'inta don farar hula. Birtaniya ta haramta manyan irinta a 1988 bayan kisan Hungerford. Ostireliya ta bi sahu a 1996 bayan na Port Arthur, ta saye ɗaruruwan dubban bindigogi daga hannun mutane ta lalata. New Zealand kuwa, bayan wani ya shiga masallatai biyu a Christchurch ranar Juma'a a watan Maris na 2019 ya kashe mutum 51, ko wata guda ba a yi ba majalisarsu ta haramta. Mai bidiyon naka bai kai ka wannan darasin ba, shi dai burinsa ka danna ka sayi madubi.

To, sauko daga jirgin Amurka mu dawo Filato. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kowane da mai sa hannunsa. Na farko su ne haramtattu: mai jigida, ƙananan bindigogin hannu, da bindigogi masu harsashi irin na soja. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da su babu shi kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Na biyu su ne na farauta da wasa, har da bindigar iska, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake, kuma ko bindigar harbin tsuntsu ce, in dai mai ɗura wa kanta ce, dokar ta fitar da ita daga wannan gida. Na uku ita ce ta kakanninmu, harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ma sai Kwamishinan 'yan sanda na jiha ya yarda. Ƙari a kan haka, a watan Agusta na 2023 Kayode Egbetokun, yana riƙon ƙwaryar Sufeto Janar a lokacin, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai saboda yawansu a hannun jama'a. Ka ga ke nan kafin ka zaɓi launin maratayi akwai ƙofofin da ya kamata ka fara ƙwanƙwasawa.

Mu ɗauka ma an buɗe maka ƙofar. Dokar ta lissafa waɗanda ba a ba su, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai kai shekara 17 ba: nan ka tsallake da rata mai yawa, ko da lissafin shekarunka na takardar aiki aka bi. Wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce: nan ma ka tsira, don ba a taɓa ganin ka tsaya inda ake faɗa ba. Mai taɓin hankali: wannan na bar wa likitoci, ko da yake jerin da ke bayan takardar wutar hujja ce mai ƙarfi. Saura biyu, kuma a nan ka faɗi. Akwai mai raunin gani, kai kuwa ranar sunan jikarka ka miƙa wa ɗan maƙwabci hannu kana ce masa liman. Akwai kuma wanda ba ya iya kame kansa, alhali kowa a layinku ya san abin da ke faruwa da rediyo duk ranar da aka ci Plateau United a gida.

Sai batun zuciya, wadda ba a sayar da ita a shago. A watan Disamba na 2015 zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji na Jos, gari ya ɗauka, har aka kai ga harbe shi. Gidan namun dajin yana can ta hanyar Miango, kai kana Dilimi, tsakaninku gari guda. Amma shaidu sun tabbatar mini ka ja ƙofar shago ka kulle ta ciki, ka tokare da buhun siminti, kana leƙe ta ramin makulli kana tambayar masu wucewa ko ya iso Terminus. Da yamma da aka ce an kashe shi, kai ne ka fi kowa bayanin inda ya kamata a ce an saita. Haka kuma duk ƙarshen shekara, da yara sun fara fasa banga, sallar isha'inka a ɗaka take komawa.

A kan wannan na ƙarshen ba zan yi maka dariya sosai ba, domin ni da kai mun san garin da muke ciki. Wanda ya ga Juma'ar 7 ga Satumba 2001, ya ga Nuwamban 2008 da Janairun 2010, ba a yi masa gorin firgita da ƙara. Mun ga yadda unguwanni suka rabu, maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya, aka kafa rundunar Operation Safe Haven a 2010, shingayen bincike suka zama abin yau da kullum. Har gobe in salansar babur ta buga da ƙarfi a kasuwa, sai ka ga masu tumatir sun miƙe tsaye. Na san kuma abin da ke ƙarƙashin maganarka, tsoron da kowa ke kwana da shi ne, irin wanda ya sa Bello Matawalle, lokacin yana gwamna, ya ce wa Zamfarawa su nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022, manyan jami'an tsaro suka ce ba huruminsa ba ne. Amma ka ƙaddara ka iso shinge a hanyar Bukuru da baƙar aba mai madubi da tocila a bayan mota. Sojan da ya buɗe but ba zai tsaya auna faɗin harsashi ba, kuma kalmar wasa ba za ta fito daga bakinka da ƙarfin da za a ji ta ba. Garin nan bindiga ta ishe shi, Tanimu, ko ta mai lasisi ce.

In kuwa da gaske gwanintar saiti kake so, ita wasa ce mai daraja, har a gasar Olamfik ana yin ta. In da doguwar bindigar iska ake harbi daga nisan mita 10, ɗigon tsakiyar da ake nema faɗinsa rabin milimita ne, kuma abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne numfashi da natsuwa da shekarun horo. Ka tuna Yusuf Dikeç, mutumin Turkiyya da duniya ta yi ta yaɗa hotonsa a gasar Paris ta 2024. Yana da shekara 51, ya fito da 'yar riga da tabarau na kullum, hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga ƙaramar bindigar iska, shi da abokiyar wasansa suka tafi da lambar azurfa. Da jerinka ya bi, da har yanzu yana shago yana ciniki.

Saboda haka ga tayin da Bakano zai yi maka, kuma ka san ba ma tayin da za mu faɗi. Ranar Asabar mu hau Dutsen Shere, in zo da danƙo biyu da gwangwanin madara, kai ka tsinto tsakuwa, don aikin bawa ne. Taku goma, jifa goma. In ka sami gwangwanin sau uku, ni zan biya kuɗin sabon tabarau, in kuma raka ka ofishin 'yan sanda ka tambayi ƙa'idar bindigar iska da bakinka. In ka kasa, kuɗin madubin hangen nan ka sayo buhun dankalin Bokkos da shi ka aiko gidana, kuɗin dako ma a kanka. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce mata ta ci gaba da ɓoye wuƙar yankan kaza inda ta saba.