Jikokin Yahuza a Bakin Gulbin Kaba

Masu bin Almasihu a ƙasar Mayahi da Tasawa ba su da yawan da mutum zai ɓuya a cikinsu. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma tun da mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya gangaro Tsibiri da Maradi, ikkilisiyar ƙauye ba ta cika wuce 'yan gidaje ba. In ka yi fashin sujada, gurbinka a kan benci shi zai kai ƙararka. Shi ya sa cin amana a nan ba ya zuwa da takubba da fitilu irin na Gatsemani. Dala-dala yake zuwa, kuma kowa ya san mai shi har sunan kakarsa.

Akwai mutumin Tasawa da kalanda ta zame masa jarraba, don kasuwar garinsu ran Lahadi take ci. Bakin ƙofa yake zama, wai iska yake so. Bakinsa na waƙa, kunnensa na ƙirga amalanken da ke wucewa. Fasto na cewa "abu na ƙarshe" ya zura takalmi ɗaya. In fasto ya ƙaro wani abu na ƙarshen, sai tari ya sarƙe shi. "Amin" ɗinsa daga bakin titi ake jin ta. Ɗan'uwansa na Mayahi, da tasu kasuwar ke ci Litinin, yakan girgiza kai ya ce son duniya ya yi wa Tasawa yawa. Wannan tsarkin nasa kyauta ya same shi.

Ma'aji kuwa sai an gyara zama. Yahuza Iskariyoti ma jakar kuɗi aka ba shi, amma shi ya yi cinikinsa sau ɗaya, azurfa talatin, ya kuma mayar da su. Namu ba ya sayar da kowa, rance kawai yake ci daga hannun kansa, ya rubuta da fensir. Da kaka a kawo baikon godiya, dammunan hatsi da wake, a zuba a rumbun ikkilisiya ana tafi. Da bazara, sa'ad da tiya ta yi tsada gwauraye suka fara leƙowa, a buɗe rumbu a tarar ya rame. "Baba Fasto, gara ce." Garar nan tana da ilimi: ba ta taɓa kara, sai zangarniya mai ido, wani lokacin har takardar jika biyar takan ci ta bar tsabar ƙarfe. Ka nemi ganin littafi, sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce shekara nawa yana wa Ubangiji bauta ba a taɓa zarginsa ba sai yau. A ƙarshe mai tambaya shi ke neman gafara. Kada dai a ɗora masa laifin duka, don waɗanda suka yi alkawarin dami biyar suka kawo biyu, suna rantsuwa gonar ce ba ta yi ba, su ma suna da magabata, Hananiya da Safiratu. Da hukuncin wancan zamani na aiki yau, da samari masu ɗaukar makara ba su huta ba.

Sai ɗan'uwan da yunwa ke kawowa. An gan shi a 1984, an gan shi a 2005, duk shekarar da aka ji ƙishin-ƙishin za a raba buhu yakan tuna yana da rai mai bukatar ceto. Damina ta yi kyau, ya ɓace. Ni dai ba na jifan sa, mai ƙoshi ba shi da bakin yi wa mayunwaci wa'azi. Abin da ke ba ni dariya, ya fi kowa haddace sunayen furoje, amma har yau bai san ko Markus kafin Luka yake ba.

Mai ƙafa biyu ba ya bukatar dogon bayani: Littafi Mai Tsarki a hammata, layar boka a damtse. Ya ce gida mai ƙofa biyu ya fi daɗin gudu.

A zumuntar mata kuwa akwai mai batun addu'a. Ba ta tsegumi, Allah ya kiyaye. Takan miƙe ne, ta gyara kallabi, ta sassauta murya: "'Yan'uwa, mu sa wata a addu'a. Ba zan faɗi suna ba, amma mijinta na Libiya shekara ta uku ke nan, kuma an ga kabu-kabu ɗaya yana yawan tsayawa ƙofar gidanta." Mata tara ne a ɗakin, ɗaya ce mijinta ke Libiya. Asirin da aka faɗa mata jiya da hawaye, yau ya zama sanarwa, an rufe da "cikin sunan Yesu". Mai kabu-kabun kuwa ƙanen matar ne, kuɗin aike yake kawowa. A ganina wannan ta fi ma'aji ɓarna, don hatsi ana sake nomawa.

Wanda na fi tausayi shi ne Bitrus na motar Maradi. A majami'a shi ke ɗaga waƙa har kwano na amsawa. A mota, da direba ya tsaya salla, sai Bitrus ya zagaya bayan sabara, ya jima, ya dawo da fuska a jiƙe, kowa ya fassara yadda yake so. Tsoronsa ba na banza ba ne. Wanda ya ji labarin majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, da wadda aka ƙona a Maradi a Yunin 2019, ba zai yi masa dariya da dukan haƙora ba. Sai dai ɓuyar ba ta da amfani, don Alhajin da ke gefensa ya san ubansa. Alhajin na miƙewa alwala sai ya ɗora masa jaka a cinya: "Ɗan gidan Fasto, riƙe mini wannan har in idar, kuɗin shanu ne." Abin da yake ɓoyewa, shi ne dalilin da aka yarda da shi.

Masu riƙon amanar fa? Suna nan, amma ba su da daɗin labari. Galibi wata Iya ce da ke ratso rairayi da sassafe ta share majami'a. Waƙarta ba ta taɓa haɗuwa da ta mawaƙa ba, tana gyangyaɗi tun ayar farko, ta farka ta ce "Amin" a inda ba a nema ba. Danginta sun yi lallashi, sun yi fushi, sun gaji sun ƙyale ta. Tana da faɗa, tana gyara wa fasto Hausarsa a gaban mutane, baikonta kuwa ba ya wuce dala ashirin da ta ƙulle a bakin zane. Ba a taɓa zaɓen ta a kwamiti ba, wai ba ta yi lakkol ba.

Dattawan ikkilisiya, kaka na tafe. Bana ku bar wa ma'aji fensirinsa, mabuɗin rumbu kuwa a ba Iya.