Ai An Yi Masa Allura, Ga Shi Kuma A Kwance

Mu a unguwarmu ciwo ba ya zama na mutum ɗaya. Da zarar dattijo bai fito asuba ba, bai fito azahar ba, kafin la'asar labari ya zaga layi, kowa ya san abin da ke damunsa, kowa kuma da maganinsa a baki. Ina son wannan hali namu, ba na fatan mu bar shi, don akwai garuruwan da mutum zai yi mako a kwance maƙwabcinsa bai sani ba. Amma halin yana da inda yake cutar da mu, kuma a kan ciwon nan da likitoci ke kira shingils, a Nijar kuma zona, abin ya fi fitowa fili. Mu dai da mun ga ƙurajen sai mu ce gizo ne ya yi wa mutum fitsari.

Akwai wani dattijo a layinmu, Alhaji, tsohon ma'aikacin reluwe, ya haura saba'in. Da ya je wajen 'yarsa a Ingila, ta biya kuɗi aka yi masa allurar rigakafin ciwon sau biyu, da 'yan watanni a tsakani. Ya dawo yana ba da labari a majalisa, har da tsamin da hannu ya yi masa da ɗan zazzaɓin da ya biyo baya. Bayan 'yan shekaru sai ga ciwon ya same shi.

Da zugi ya fara, a haƙarƙarin dama, ba ƙurji ba komai. Ya ɗauka kwanciya ce ta yi masa ba daidai ba. Sai fatar wurin ta soma raɗaɗi, ko singileti ta goge shi sai ya cije baki. Daga nan wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, daga tsakiyar baya suka biyo ƙashin haƙarƙari zuwa ƙirji, suka tsaya daidai tsakiya ba su tsallaka hagu ba.

Ranar majalisa ta cika. Wani ya ce, "To ina amfanin allurar? Kuɗin yarinya ne kawai ya tafi." Wani ya ce shi dama ya faɗa, allurar ce ta dasa masa ciwon, ya kwanta a jiki sai yanzu ya tashi. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, ka taɓa ganin ciwo ya ja layi? A cikin gida kuma wata ta shaida wa Hajiya, matarsa, cewa in ƙurajen suka zagaye jiki suka haɗu, sai dai haƙuri. Dukansu masoyansa ne, ba mai yi masa mugun fata a ciki. Amma babu ko ɗaya da ya faɗi daidai.

Ciwon ba daga waje yake zuwa ba, a cikin jiki yake tun tuni. Ƙwayar cutar da ke kawo farankama, wadda wasu ke ce wa ƙarambau, ita ce dai wannan. Akasarinmu mun yi farankama, wasu a yarinta, wasu sai da suka girma. Da ƙurajen suka bushe muka ce mun rabu, ashe ƙwayar ta shige tushen jijiyoyin da ke gefen laka ta yi kwance, shekara 40, shekara 60, garkuwar jiki na danne da ita. Ranar da garkuwar ta sassauta, saboda tsufa ko wata jinya, sai ta farka ta biyo jijiya guda ɗaya zuwa fata. Kowace jijiya da yankin fatar da take kula da shi, kuma ɓari ɗaya take bi, shi ya sa ƙurajen ke jan layi su tsaya a tsakiya. Abin da ya ba mai maganar jifa mamaki, shi ne ainihin alamar da likita ke gane ciwon da ita. Wani likita a wani ƙaramin gari na Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya shafe shekara 16 yana rubuta duk wanda ciwon ya kama cikin mutanen da yake dubawa, a 1965 ya fitar da wannan bayani, kuma har yau a kansa ake. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a ƙasar mutum 1 cikin 3 zai yi ciwon a rayuwarsa.

Sai maganar allura, wadda ita ce ta fi ɗaukar zafi. Iri biyu aka yi. Ta farko, Zostavax, ta fito a 2006, tana rage kamuwa da kusan rabi, ƙarfinta kuma yana raguwa da shekaru. Amurka ta daina amfani da ita a 2020. Ta biyu, Shingrix, ta fito a 2017, ita aka yi wa Alhaji. A gwajin da aka yi, ta rage kamuwa da kashi 97 cikin 100 ga masu shekara 50 zuwa 69, da kashi 91 ga waɗanda suka kai 70. Wato cikin tsofaffi 100 da ciwon zai kama in ba allura, 91 sun tsira, 9 kuma zai same su duk da allurar. Alhaji yana cikin taran nan. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin Shingrix, ɗan ɓallin fatar ƙwayar ne kawai da abin da ke zaburar da garkuwa, don haka ba ta da yadda za ta dasa wa mutum ciwon.

Inda muke tuntuɓe shi ne, mu a wajenmu rigakafi ko dai ya tare ciwo ɗungurungum ko kuma ƙarya ne. Alhali kowa a layin nan yana kwana cikin gidan sauro, kuma kowa ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro duk da haka, amma ban ga wanda ya kwance nasa ya jefar ba, don mun san da babu shi da abin ya fi haka. Bincike ya nuna wanda aka yi wa allura in ma ciwon ya same shi, zafin yakan zo da sauƙi, kuma ya fi tsira daga zugin da ke biyo baya. Ba na ganin laifin mai shakka. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma da wannan tabo aka shiga rigimar allurar shan inna ta 2003. Sai dai shakka ba ta tashi yi mana illa sai ta hana mu tafiya asibiti, kuma a wannan ciwo kwana uku kacal ake da su.

Kwana ukun nan su ne maganar. Akwai magungunan da ke dakatar da ƙwayar, asaikulobiya da 'yan uwansa, amma sun fi aiki in an fara sha cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Mu kuwa a kwana ukun farko muke yin duk gwaje-gwajenmu. Ranar farko a shafa man zaitun da habbatus sauda. Rana ta biyu wata ta kawo ganyen darbejiya a daka a liƙa, wani ya ce toka da kanwa, wani ya ce man goge baki yana sanyaya wuri. Rana ta uku a tura yaro kemis, a fasa kafso a barbaɗa, ko a kawo ɗan tsukin man nan da ake shafa wa kowane irin ƙaiƙayi. In aka yi rashin sa'a a kira wanzami ya tsattsaga. Sai wurin ya ruɓe, zafi ya hana barci, sannan a ce to a kai shi asibiti, ga shi an kwana shida. Ni ban ce a bar tofi da addu'a ba, ni ma ina yi. A tofa a hanya, a cikin adaidaita sahu, ana tafiya wajen likita.

Abin da ya taimaki Alhaji shi ne Hajiya ta ɗauki hoton wurin ta tura wa 'yarsu ta WhatsApp. Ba a jima ba ta kira. "Abba, don Allah yau ɗin nan, kada a kai gobe." Shi kuma ya ce, "Ke da kika ce an yi mini rigakafi?" Ta ce, "An yi, Abba, shi ya sa nake sa ran zai zo da sauƙi, amma sai an sha magani." Aka kai shi asibiti, aka rubuta masa ƙwaya sau biyar a yini har kwana bakwai, aka ce ya yawaita shan ruwa. Hajiya ta so ta haɗa shan maganin da salloli biyar don kada a manta, wata nas maƙwabciyarsu ta ce a'a, magariba da lisha sun yi kusa, asuba da azahar sun yi nisa, a riƙa ba da tazarar awa huɗu. Ita ce kuma ta hana shafe-shafe: a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a ɗora tsumma mai sanyi, a shafa kalamin, a ba shi farasitamol, ya ajiye babbar riga ya sa jallabiya mara nauyi. Ƙurajen suka bushe, suka yi ɓawo, kafin wata ya cika ya dawo sahun gaba a masallaci, ba zugin da ya rage masa.

Dubiya ma sai nas ɗin ta taka mata birki. Mun saba mu tafi da goyo, da jikoki, da amarya mai ciki, a cika ɗaki ana "Sannu Alhaji, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Ba a ɗaukar shingils daga wani, amma ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa yin farankama ba farankama, har sai sun bushe, abin da kan ɗauki kwana 7 zuwa 10. Ga mai ciki da jariri da mai raunin garkuwa, farankama ba wasa ba ce. Sai aka rufe wurin da ƙyalle, masu ciki da masu jego suka riƙa aiko da gaisuwa da kunu.

In ƙurajen a goshi suka fito, ko fatar ido, ko kan hanci, wannan ba ma sai an jira gari ya waye ba, don ido na iya tafiya. In a kunne ne, ɓarin fuska na iya shanyewa, irin abin da ya sami mawaƙin nan Justin Bieber a 2022 yana ɗan shekara 28. Mu da mun ga baki ya karkace sai mu ce iska ce ta buge shi.

Akwai kuma raɗar da ba a yi a gaban Alhaji ba saboda shekarunsa, amma ana yi wa matasa. Tun ƙarshen shekarun 1980 likitoci a Afirka suka lura cewa in ciwon ya fito wa matashi, sau da yawa shi ne alamar farko ta ƙanjamau. Don haka in likita ya ce a yi gwaji, ba cin fuska ba ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yanzu akwai magani. Amma ciwon suga ma yana buɗe masa ƙofa, da sankara, da magungunan da ke danne garkuwa, wani kuma lafiyarsa ƙalau ya zo masa. Raɗar da muke yi ita ke sa saurayi ya ɓoye ƙurajensa a ƙarƙashin riga har kwana ukun su wuce. Mata kuma kunya ke hana su, musamman in abin a ƙarƙashin nono ya fito ko a ƙugu.

Wata tsohuwa a bayan layinmu haka ta yi. Ba ta taɓa jin labarin allurar ba, don ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi a nan, sai mai hali ko mai ɗa a waje. Ta ɓoye har sai da ƙurajen suka bushe da kansu. Fata ta warke, zugi bai tafi ba. Cikin masu ciwon 100, mutum 10 zuwa 18 ne wannan ke samu, kuma ya fi kama tsofaffi: jijiyar ce ta ji rauni, sai ta yi ta aika zafi wata da watanni, wani ma shekaru. Zane ya taɓa wurin ta yi ƙara, iskar fanka ta hana ta barci. A nan ne na fi jin takaicin halinmu. Muna ganin ƙuraje muke cika ɗaki, suna bushewa muke watsewa. In ta ce har yanzu yana ci na, sai a ce Iya ai kin warke, raki ne. Jikanta har tiramol ya sayo mata a bakin tasha.

Nas ɗin nan ce dai ta sa baki aka kai ta asibiti. Likita ya ce wannan zafin jijiya ne, farasitamol ba ya kai masa, akwai magungunansa daban irin su amitiriftilin da gabafentin, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a ga aikinsu. Ya ce maganin na iya sa ta jiri, kada ta tashi fita banɗaki da dare ita kaɗai. Matan layin suka raba kwana a tsakaninsu, jikan kuma aka ɗora masa kai ta asibiti duk ranar da aka ba ta.