Dabarun Zaman Kulle Ga Magidancin da Bai Saba Ba

Ranar 24 ga Maris, 2020, da aka ce korona ta kama Gwamnan Bauchi Bala Mohammed, mu 'yan gwari na Kasuwar Muda Lawal muka yi masa addu'ar samun sauƙi, muka ci gaba da kasa tumatirinmu. Cewa muka yi ai dama ciwon manya ne, masu hawa jirgi. Mu da ko Yankari ba mu taɓa leƙawa ba, ina ruwanmu? Wata guda bayan nan aka ce kasuwa kwana uku za ta riƙa ci a mako, aka kuma hana acaɓa. A nan na gano wani wuri da na shekara goma sha huɗu ina biyan hayarsa ban san cikinsa da rana ba, wato gidana. Tunda na sha wuya na kuma rayu, ga abin da na koyo, ko wani ɗan'uwa zai tsira da sauran mutuncinsa. Ba zan ce maka ka wanke hannu ba, rediyo ta riga ni.

Na ɗaya: ka fara gabatar da kanka. Kada ka ɗauka don kai ke sayo shinkafa kowa ya san ka. Ni mutum ne mai fita da an sallame Asuba don in tarbi motar kaya, ba na dawowa sai bayan Isha'i. Ranar farko da hantsi ya same ni a tsakar gida, autanmu ya daɗe yana kallona ta bayan zanen uwarsa, sannan ya ce, "Umma, Baba ba shi da lafiya ne?" A kwana na uku tambayar ta koma, "Umma, yaushe zai tafi?" Ka yi haƙuri da wannan. Ka nemi kusurwa ɗaya ka shimfiɗa tabarma, ka zauna kamar baƙon da ya zo jinya. Duk inda ka zauna za a ce ka ɗaga za a yi shara, saboda haka kada ka saki jiki.

Na biyu: kada ka ƙirga komai. Wannan ita ce babbar shawara, kuma ita na fi karyawa. Ɗan kasuwa idan ba shi da abin yi, ƙirga ce ke taso masa kamar ƙaiƙayi. Na leƙa kicin na ga ana jefa dunƙulen Maggi a miya, bakina ya suɓuce na ce, "Har guda nawa?" Shiru ya biyo baya, irin shirun da ake yi kafin hadari. Washegari na ƙara da tambayar yadda aka yi mudun shinkafa bai kwana biyu ba. Uwargida ba ta ce uffan ba. Da aka sauke tukunya sai ta miƙo mini ludayi ta ce, "Malam, bismilla, yau kai za ka raba." Yara huɗu suka jeru da kwanuka suna kallon hannuna. Na zuba, na rage, na mayar, na sake zubawa, aka tashi ni ne ba ni da rabo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin kuɗin cefane. A lokacin, shekara uku ke nan abin da nake ajiyewa a kan firji bai canza ba. A shekara ukun nan ni da bakina na tsaya a rumfa na rantse wa mata ɗari cewa kaya sun yi tsada, mota ta ƙara kuɗi, kashin attaruhu ba zai ragu ba ko da sisi. Ashe duk matar da na ce wa "albarka" ta juya tana tsaki, gida take komawa ta yi sihirin da tawa take yi. Da na ce wa uwargida ta riƙa tattali, cewa ta yi, "To ai a wurinku muke saye." Na nemi amsa a aljihu ban samu ba.

Na uku: karatun yara. An rufe makarantu tun ƙarshen Maris, boko da Islamiyya, aka ce iyaye su taimaka a gida. Madalla. Ni da nake lissafin kwando arba'in a ka, in cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada kafin mai kalkuleta ya gama laluben madanni, yaron aji huɗu ya kawo mini wani abu wai shi LCM. Na juya littafin sama, na juya shi ƙasa. Na ce masa a zamaninmu ba haka ake yi ba. Ya ce to yaya ake yi? Na ce ya je ya ɗebo mini ruwa.

Makarantar tasu kuma, Allah ya saka mata, ta buɗe zaure a WhatsApp. Kullum da safe malama za ta turo aiki, iyaye sittin su turo "mun gode", kowace godiya tana cin datata. Wayar da nake jiran kiran direba da ita ta koma allo. Babbar 'yar tana kwafar aiki, na biyun yana jiran ta gama ya buga wasan mota, auta ya riga ya goge mini lambar dillalin da nake bi bashi. An ce akwai darasi a rediyo. Muka zauna muka kasa kunne, malamin na cewa "yara ku maimaita", sai masu wuta suka ɗauke abarsu, batirin da na saya kuma yana cikin motar wasan auta. Duk malamin da ke tsare yara sittin daga safe zuwa azahar bai gudu ba, ya cancanci a kai shi Makka. Ni huɗu kawai aka bar mini, kuma nawa ne na cikina.

Na huɗu: ranar kasuwa ka fita da wuri, kada ka nuna murna. Idan aka ga kana washe baki kana ɗaura takunkumi, za a riƙe maka. Takunkumin nan ma, da can a bakin jaki da raƙumi muka san shi, sai ga shi a 2020 tela na ɗinka mana da atamfa mai fure. Amma bari in faɗi abin da ke raina game da ba da tazara. An ce kowa ya nisanci ɗan'uwansa da mita biyu, sannan aka tattara cefanen mako guda na garin Bauchi aka cusa shi cikin kwana uku. Mutanen Jahun, da na Wunti, da na Yelwa, da na Fadaman Mada, duk a lokaci guda, kowa da buhu. Marigayi Muda Lawal da aka sa wa kasuwar sunansa, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980, ko shi aka ce ya ratsa layin 'yan gwari ran nan ba tare da ya taɓa kowa ba, sai ya nemi a canza shi.

Kuma wa zai gaya wa tumatir cewa akwai doka? Shinkafa tana jira, gero yana jira, tumatir ba ya jiran kowa. Abin da ya kwana biyu a kwando cikin zafin Afrilu ya zama ruwa. Direba ya taso da kaya, a tsare shi a shinge goma, kowane shinge da abin da yake ci, ya iso ranar da kasuwa ba ta ci. Na kwaso kwando uku na kawo gida, muka zauna ni da yara muka yanka muka shanya a kan kwano za mu yi kauɗa. Daren nan aka yi ruwan farko. Wallahi a nan raha ta ƙare mini. Jarin mutum ne yake tsiyaya ta indararo, kuma da safe yara za su ce Baba a ba mu kuɗin koko. Wanda yake da albashi ya ce a zauna a gida, gaskiyarsa ne, cutar ba wasa ba ce. Amma wanda sai ya fita yake ci, a gaya masa me zai zuba a tukunya.

Ina muka tsaya? Na shida, ko na biyar. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka koma yin tarawihi a gida, na zama liman. Shawara: ka duba haddarka kafin ka shiga gaba. Na ja sura, na kai tsakiya, sai na ji muryar 'yata daga sahun baya tana yi mini gyara. Sau uku a raka'a ɗaya. Bayan sallama ba wanda ya ce komai, sai dai washegari na tarar an ajiye mini Alƙur'ani a kan tabarmata.

Sai maganar faɗa. Da can idan magana ta yi zafi, hula kake ɗauka ka tafi majalisa ko teburin mai shayi, ka dawo an huce. Daga 4 ga Mayu aka sa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare a duk ƙasa. Na yi fushi ran nan da misalin tara, na buga ƙofa, na isa zaure, na tuna. Minti arba'in na yi a tsaye ni da sauro. Da na koma ciki uwargida ta ce, "Har ka dawo? Ya mutanen majalisa?" Saboda haka idan za ka yi fushi, ka yi shi da la'asar.

Masana sun ce ma'aurata su ware lokacin hira su biyu. A ɗaki biyu da yara huɗu. Mu wuce wannan.

Akwai dai abu ɗaya da ba na wasa da shi. A lokacin kullum da dare ina kunna rediyo a ji adadin masu cutar da hukumar NCDC ta fitar, ina ta "inna lillahi", ban lura da masu saurare a gefena ba. Wani dare ƙaramar 'yata ta matso ta ce, "Abba, idan ka je kasuwa za ka mutu?" Tun daga ranar na daina jin labarai a gabansu. Na gaya mata gaskiya daidai hankalinta: ciwo ne, ana warkewa, ga Gwamna ma ya warke, kuma shi ya sa Abba ke wanke hannu kafin ya ɗauke ta. Muka haƙa ramukan dara a tsakar gida, uwarsu ta koya musu carafke, ni kuma na tono tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da na ji wurin kakata. Inda na manta na ƙara da ƙarya, ba wanda ya kama ni sai uwargida.

Ana jibi Sallah ina kwance ina nishi, na ce wannan kulle zai kashe mutum. Uwargida tana gyaran shinkafar masa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai wata guda ka yi, kana fita kwana uku a mako. Mu da ba korona ba ma sunan zamanmu ke nan." Na duba bangon nan huɗu, da igiyar shanya, da yaran da tun safe ba su daina kiran "Umma" ba, na ja bakina na yi shiru.

Saboda haka 'yan'uwana magidanta, na Muda Lawal da na Wunti da na Babbar Kasuwa, tunda Allah ya yaye mana wannan annoba aka saki gari, kowa ya ƙara kuɗin cefane ba sai an roƙe shi ba, ya kuma riƙa dawowa gida kafin yara su yi barci. Ni dai na ƙara nawa tun ranar Sallah, kuma har yau ban sake tambayar Maggi nawa aka sa a miya ba.