Jauro Ya Yi Ƙaura, Shanu Sun Ƙi Bin Sa

Jauro, bawana, ga gaisuwar ubangida ga yaronsa. Labarinka ya iso mini tun kafin ka gama ɓoye shi. A Gombe ba a rufa asiri tsakanin Jekadafari da Tudun Wada, balle asirin mutumin da ya tsaya a majalisa bayan Isha'i ya yi wa samari huɗuba cewa shi da Windows haihata-haihata, ya koma Linux, kuma duk wanda ya ci gaba da zama a Windows bawan Bill Gates ne. Kai da ka gaji ubangida tun kaka da kakanni, wato ni, ina kai ina kiran wani bawa?

Ban yi mamaki ba, don tashi a jininku yake. Ko hedikwatar masarautar taku ba ta zauna wuri ɗaya ba. Buba Yero ya kafa ta a Gombe Abba, aka kwashe ta zuwa Nafada a 1913, aka sake naɗe kaya zuwa Doma a 1919, nan inda muke zaune. Na san za ka ce Turawa ne suka tashe ku, ka kuma jero mini Ngazargamu da Kukawa da Dikwa kafin mu sauka Yerwa. To, mu yaƙi ne ya tashe mu. Kai kuwa wani Bature mai gemu ne a YouTube ya tashe ka, yana zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ƙiftawa, intanet ɗinsa ba ya ƙarewa a tsakiyar wata.

Amma Babarbare ba ya danne gaskiya ko da ta Bafulatani ce. Kana da dalili. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuwa tun da ya fito a 2021 yake da girman kai: sai na'ura tana da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0, in kuma ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai zubi na takwas zuwa sama. Laftof ɗinka ɗan gwanjo, wanda mai shago ya rantse maka wata tsohuwa ce a Ingila take karanta jarida da shi, zubi na bakwai ne. Tsani ɗaya tak ya hana ka shiga. Na'ura lafiya lau, tana jan gem, tana hura iska mai zafi kamar murhun mai tsire, aka ce ta tsufa. Wannan abin haushi ne, kuma ba kai kaɗai ya ci ba. Rabin kwamfutocin da na sani a garin nan layinku ɗaya. Sai dai da ka tambayi manya da an gaya maka kamfanin ya bar ƙofar ƙarin shekara guda, har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista. Babu wanda ya sa maka wuƙa a wuya. Kai dai ka ji ƙanshin sabuwar ciyawa ne ka ɗauki sanda.

Daren da ka yi aikin, an ce ka sa filash, allo ya kawo maka zaɓi: ko a zaunar da Linux Mint kusa da Windows, ko a share komai a ba shi gidan duka. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Kai ka ce rabin ƙaura ba ƙaura ba ce, ka danna na biyun. Hotunan ɗaurin aurenka suka tafi. Takardun makarantar ƙanwarka suka tafi. Waɗannan duk ka daure, ka nuna pulaku, ba wanda ya ga hawayenka. Abin da ya sa aka ji salatinka har bakin titi shi ne Master League ɗinka na PES 2021, wanda ka zauna ka ƙera Gombe United a ciki da hannunka, ka saya mata Mbappe, ka kai ta ta ci kofin zakarun Turai. Abin da filin wasa na Pantami bai taɓa mafarki ba, kai ka yi shi a kan katifa, ka kuma goge shi da ɗan yatsa ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido.

Yanzu bari in karantar da kai, tunda Barebari ne malamanku tun fil azal. Linux ba abin rainawa ba ne. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma yau shi ke riƙe da yawancin manyan kwamfutocin da intanet ke zaune a kansu. Wayar Android da ke aljihunka ma ƙashin bayanta shi ne. Wajen gem kuwa, da can kufai ne, amma tun da kamfanin Valve, masu kasuwar gem ta Steam, suka fito da Proton a 2018 al'amari ya sauya. Proton tafinta ne: gem ya yi magana da harshen Windows, shi kuma ya juya wa Linux nan take. Da suka fito da ƙaramar na'urarsu ta hannu, Steam Deck, a 2022, wadda Linux ne a cikinta, dubban wasanni suka zama ana danna su kawai su tashi. Elden Ring na tashi. Cyberpunk 2077 na tashi. Counter-Strike 2 da Dota 2 ma ko tafinta ba sa buƙata. Duk wannan Baturen naka bai yi ƙarya ba.

Abin da bai tambaye ka ba, kai ma ba ka tambayi kanka ba, shi ne: Jauro, wane gem kake bugawa? Yaushe rabon da wani ya gan ka kana yawo da takobi a cikin daji kana kashe dodanni? Kai ɗan ƙwallo ne. Duniyarka ita ce FIFA, wadda tun 2023 ta koma EA Sports FC, sai GTA in ka gaji da shan kashi, sai ɗan harbe-harbe da yaran Bolari a daren Asabar. Ka duba garken nan da kyau, don su ne shanun da suka ja tunga a bakin rafi suka ƙi haurawa.

Dalilin ba taurin kai irin naku ba ne. Da yawa daga manyan wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet suna zuwa da ɗan sandan ciki mai farautar masu maguɗi. Wannan ɗan sanda ba a zaure yake tsayawa ba, har ƙuryar Windows yake shiga ya zauna, inda yake ganin duk abin da ke motsi a na'urar. Linux kuwa kowa na da ikon buɗe ƙuryarsa ya sauya abin da ya ga dama, abin da kuke taƙama da shi ke nan kuna cewa 'yanci. Kamfanonin suka ce to wannan 'yancin shi ne matsalarsu, ba za su iya gadin gidan da kowa ke da makulli ba. Shi ya sa FC ba ya tashi. Valorant ba ya tashi. Fortnite da sababbin Call of Duty haka. GTA V kana iya yawonka kai kaɗai a cikin labarin, amma tun Satumbar 2024 da aka sa masa ɗan sandan ciki mai suna BattlEye aka rufe wa 'yan Linux ƙofar bugawa da jama'a. Apex Legends da ya daɗe yana karɓarku, a ƙarshen Oktoban shekarar ya sallame ku.

A nan ina tare da kai ɗan kaɗan, kada ka saba. 'Yan sandan ciki Easy Anti-Cheat da BattlEye duk sun iya aiki da Proton tun 2021, in mai gem ɗin ya yarda ya kunna. Epic, masu Easy Anti-Cheat ɗin da kansu, sun ƙi kunna wa Fortnite nasu. Ka ga ashe ba duka ne rashin iyawa ba, akwai lissafin kasuwa. A ƙididdigar da Steam ke yi duk wata, sai a Oktoban 2025 masu Linux suka haura 3 cikin 100. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki sabon mai gadi saboda mutum uku, alhali casa'in da wani abu suna ɗaya ƙofar? Akwai shafin ProtonDB inda mutane ke rubuta wane gem ke tashi, wane ne ya mutu murus. Minti biyar da datar naira ɗari sun ishe ka dubawa. Makiyayin kirki yakan tura yaro ya gano ruwa da ciyawa kafin a ɗaure kaya a kan jaki. Kakanka bai yi boko ba amma ya san wannan.

Sai maganar da Baturen ba zai taɓa sani ba, don bai taɓa zuwa Gombe ba. A nan wa ke sauke gem daga intanet? FC kaɗai wurin giga 100 yake nema, ga kuɗin data da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ga katin naira da ya yi shekaru bankuna sun hana shi sayayya a waje, sai a 2025 wasu suka fara sassautawa. Kowa ya san yadda ake yi: ka ɗauki had-dis ɗinka ka je wurin masu turi, ka biya, a cika maka, ka dawo. Ba zan ce ga inda kake zuwa ba, don ba ni da kuɗin belinka. Amma duk abin da ke cikin had-dis ɗin nan ɗinkin Windows ne, daga gem ɗin har facin da ke kawo sababbin riguna da 'yan wasa da muryar mai sharhi. An ce ka danna fayil ɗin sau biyu ka harɗe hannu kana jira, Linux ya tsaya yana kallonka. Daga nan, garin neman tafinta, ka shiga manhajar Wine, ka fita ka shiga ta Lutris, kana kwafo baƙaƙen umarni daga waya kana zubawa a baƙin allon nan, ba ka san ko addu'a kake yi ko zagin kanka ba. Katin hotonka kuma Nvidia ne, tsohon zubi, irin wanda ke jan ƙafa a Linux in gem ɗin na DirectX 12 ne. Shi kansa Torvalds a 2012 ya yi wa kamfanin nan daƙuwa irin ta Turawa a gaban kyamara. In mai gida ya fusata haka, ina ga baƙon da ya sauka jiya?

Da abin ya ishe ka, ka saɓa laftof ka kai wa mai gyara. Yaron ya buɗe, ya ga allon da bai saba gani ba, ya tambaye ka ko Windows ɗin 'yan China ne. Ka fara yi masa bayanin 'yanci. Ya bari ka gama, ya ce, “Baffa, a yi fomatin ne ko a bari?”

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sulhun da ka yi a ɓoye. Ka raba had-dis biyu, Windows a gefe, Linux a gefe, ka zama mai mata biyu ba tare da ka sanar da dangi ba. A majalisa ka buɗe Linux kana jujjuya tagogi don yara su gani, in an watse ka sake kunnawa ka lallaɓa wurin uwargida. To ga abin da ya tona ka. Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na Greenwich, Windows kuma yana ɗauka abin da ya tarar lokacin gari ne. Najeriya tana gaban Greenwich da awa ɗaya. Saboda haka duk sanda ka fito daga ɗakin amarya ka shiga na uwargida, agogo ya koma baya da awa guda cur. Kana zaune kana ƙoƙarin rama ci uku da aka zura maka, allo na ce maka ƙarfe uku, alhali an sallame La'asar har liman ya kai gida. Da aka tambaye ka ina ka shiga, ka ce hadari ne ya rufe rana. A watan Janairu, Jauro! Gyaran layi ɗaya ne, a gaya wa Linux ya bi lokacin gari. Na san shi, amma ba zan ba ka kyauta ba.

Ni ra'ayina a fili yake. Tsohuwar kwamfutar ofishinka da ba a yin komai da ita sai rubutu da lissafi da imel, sa mata Linux Mint gobe, za ta ƙara shekaru tana aiki ba ƙwayar cuta ba nauyi. Ƙanenka da ke karatun kwamfuta a Kashere ma ya kamata ya iya shi kamar sunansa. Amma na'urar da samarin unguwa ke taruwa a kanta da hannun gem biyu, ana ihu ana cewa wanda aka ci ya tashi, wannan ba ka da ikon yi mata ƙaura kai kaɗai. Tun da ka fara wannan rigima aka koma ɗakin wani yaro a Herwagana mai PS4, wanda bai san Torvalds ba, bai san Bill Gates ba, kuma ba a taɓa jin ya yi huɗuba ba. In aka ɗauke wuta ya tayar da janareta, shi ke nan ilminsa, kuma ɗakinsa a cike yake.

Na ji kana cewa wai Kolejo, wato ni Babarbare, hassada yake yi, don shi ko sunan kwamfuta bai iya faɗa daidai ba. Allah ya ba ka haƙuri. Ni dai PES ɗina na nan yadda na bar shi, Master League ɗina na kaka ta tara, El-Kanemi Warriors na riƙe da kofin da Gombe United ɗinka ta yar.

Muharram na tafe, kuma ka san kuɗin shara ba a yafe wa bawa. Bana ba na son nono, ba na son man shanu. Ka aiko mini da hannun gem ɗin nan ja mara waya, tunda dai a Linux ɗinka ba abin da kake dannawa da shi. In ka haɗo da cajarsa, zan turo maka layin gyaran agogon kafin azumi ya zo ka sha ruwa bayan kowa ya tafi Tarawihi.