CV Ɗinmu Ɗaya Ne a Tirwun, Suna Kawai Muke Canjawa

Mu 'yan Tirwun akwai mu da zumunci, har takardar neman aiki ma ba mu yarda wani ya ware da tasa ba. Tara CV na samarin unguwar nan ka rufe sunayen da yatsa, ko iyayen da suka haife su ba za su raba na wane da na wane ba. Dukanmu masu ƙwazo ne, dukanmu muna aiki ba sai an tsaya a kanmu ba, kuma dukanmu abin sha'awarmu karatu ne da tafiye-tafiye. Tafiye-tafiyen nan kuwa, in ka bi diddigi, daga Wunti ne zuwa Yalwa, sai wanda Allah ya ɗaukaka ya taɓa leƙa Jos.

Yadda abin yake faruwa kowa ya sani. Yaro ya ji an buɗe ɗaukar aiki, sai ya tari Keke ya shiga gari, ya faɗa shagon masu buga takardu. Mai shago ba ya tambayar me ka iya. "Sunanka?" Shi ke nan. Ya buɗe wani CV da ke kwance cikin kwamfuta tun zamanin mulkin Malam Isa Yuguda, ya goge sunan mai shi ya ɗora naka. In an yi rashin sa'a a bar lambar wayar mutumin farko, ka zauna jiran kira, can kuwa wani ne a Gombe yake ta amsawa.

Sai kuma shafin farko, wanda muke cinyewa da tarihin haihuwa: jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, da ranar haihuwar da aka yi wa kwaskwarima don kada a haura shekara 30 a rasa hidimar ƙasa. Kwaskwarimar ma ba ma lissafa ta da kyau, har ka ga mutum ya gama firamare yana ɗan shekara shida. A majalisar bakin mai shayi akwai wani dattijonmu ɗan fansho, tsohon ma'aikacin Sakatariyar Abubakar Umar, da ba ya son a taɓa wannan shafi. "Ku yaran zamani, in ba a ga ƙaramar hukumarka ba, a kason wa za a sa ka?" Baba yana da gaskiyarsa. Aikin gwamnatin tarayya rabo ake yi tsakanin jihohi, abin yana cikin sashe na 14 na tsarin mulkin 1999, akwai ma hukuma sukutum mai lura da shi, shi ya sa ake neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. To amma mai makarantar kuɗi, ko banki, ko ƙungiyar agaji da ke neman mai tattara bayanai a ƙauyuka, abin da ke gabansu me za ka tsinana musu. Su ma muna miƙa musu takardar Baba.

Alhali ɗinkin CV iri-iri ne, kuma abin da mutum ya taɓa yi ne ke zaɓa masa. Akwai na jeri, wanda ake fara sa aikin da aka yi na baya-bayan nan, a riƙa komawa baya, kowanne da wuri da shekara. Wannan na wanda ya taɓa aiki ne. Ɗauki wanda ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji: ya yi SIWES na wata huɗu yana ajin ND, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya koma HND, sannan ya yi hidimar ƙasa. Wurin aiki uku ke nan tun bai fara neman aiki ba. Haka ɗan jami'ar ATBU da ya yi wata shida a wani kamfani ko ma'aikata, haka wanda ya koyar ƙarƙashin N-Power da aka fara a 2016. Irin waɗannan na jeri ne nasu, ba gardama. Amma me muke rubutawa? Kalma ɗaya tak, SIWES, sai shekara. Littafin nan da hukumar ITF ta sa aka riƙa cikewa mako-mako, aka kai wa mai kula ya sa hannu, yana can ƙasan akwati kyankyasai na karatu a ciki. Duk abin da CV ke nema yana cikinsa: injin da ka kunna, awon da ka yi, rahoton da ka rubuta. Layi uku daga littafin nan sun fi duk turancin aron da mai shago ya zuba maka.

Inda abin ya fi ba ni dariya da takaici shi ne wajen waɗanda ke cewa ba su taɓa aiki ba.

"Kawu, ni fa ban taɓa aiki ba, me zan rubuta?"

"To wa ke zama shagon babanka a kasuwar Muda Lawal in ya tafi saro kaya?"

"Ni ne."

"Wa ke rubuta bashi? Wa ke rufe lissafi da yamma?"

"Ai wannan ba aiki ba ne, Kawu, taimako ne."

Ka ji fa. Yaron da ya shekara yana zaman POS, kuɗin mutane na ratsa hannunsa daga safe zuwa dare bai taɓa yin giɓi ba, wai bai taɓa aiki ba. Yarinyar da ke koyar da aji guda a Islamiyya, ko ta bi gida-gida ana ɗiga wa yara maganin shan inna, ko take sayar da cincin da dubulan ta WhatsApp tana aika kaya har Azare, ita ma a wurin ƙwarewa sai ta bar fili fari fat. Wanda ya riƙe na'urar BVAS a rumfar zaɓe a 2023, ya tantance jama'a cikin rana da hayaniya, ya cike takardun sakamako wakilan jam'iyyu na huci a kansa, shi ma shiru. A wurinmu in ba ofis mai fanka da albashin ƙarshen wata ba, ba aiki ba ne.

Ga irin waɗannan aka yi ɗinki na biyu, wanda ke sa abin da ka iya a gaba: riƙon kuɗi da lissafi, koyarwa, hulɗa da jama'a, aiki da kwamfuta, kowanne da hujjarsa a ƙasa. Sai dai a kula, masu ɗaukar aiki ba su cika sakin jiki da wannan tsari ba in suka ga babu wuri babu shekara, sai su ɗauka ana ɓoye wani abu. Don haka in ka ce ka iya lissafi, faɗi shagon, faɗi daga yaushe zuwa yaushe. Wanda kuma har yanzu yake makaranta, karatun nasa ne zai hau sama, da shekarar da yake sa ran gamawa da batun da yake bincike a kai, kuma shafi ɗaya ya ishe shi. Mu kuwa sai mun kai shafi huɗu, don a ganinmu nauyin takarda shi ne nauyin mai ita.

Na ukun gauraye ne, taƙaitaccen abin da ka iya a sama, jerin wuraren aiki a ƙasa. Ya dace da irin malamin da ya yi NCE a Kangere, ya koyar shekaru, sannan ya koma ya yi digiri.

Ni a ganina tushen matsalar tarbiyya ce, kuma tarbiyya mai kyau. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne. Yaron da aka hana shi ɗaga ido gaban manya, yau an ce ya zauna ya lissafa bajintarsa a takarda, dole hannunsa ya yi nauyi. Shi ya sa ya gwammace mai shago ya yabe shi da turancin da shi kansa bai gane ba, ya zama ba da bakinsa aka yi ba. Amma "na koyar da yara hadda shekara biyu" ai ba yabo ba ne, labari ne, kuma akwai shaidu. Yabon kai na gaske shi ne wancan na "haziƙi mai hangen nesa" da muke kwafa ba kunya.

Ba a tashi majalisa sai wani ya jefo maganar da aka saba: "Baba, ku bar wahalar da kanku, yanzu ba takarda ba ce, wa ka sani ne." Ba mai musun akwai hanya a ƙasar nan. To amma shi wanda ka sanin, in ka durƙusa ka gaishe shi, me yake cewa? "Turo min CV ɗinka." Shi ma wani zai miƙa wa, kuma ba ya son a ji kunyarsa.

Saura masu tsaya wa mutum, su ukun nan na ƙarshen takarda. Mun fi son manyan sunaye: farfesa, hakimi, babban sakatare, waɗanda in an kira su za su ce wane ne haka. Malamin da ya duba bincikenka da mai shagon da ka yi wa zaman POS sun fi su amfani, don sun san hannunka. Samari da 'yan matan Tirwun, don Allah kafin ku sa sunan mutum, ku taka ku je ku gaishe shi, ku shaida masa, ku kuma tabbatar lambar da kuka rubuta ita ce yake ɗauka.